Ranar da Umma Ta Je Godiya Shisha

Idan ka taɓa sauka a ɗaya daga cikin manyan otal ɗin nan da ke kewaye da Harami, ka tarar da wani dogon mutum a bayan kanta yana yi wa alhazan Najeriya da Nijar Hausa, ya juya ya yi wa manaja Larabci, to wataƙila Abdulilah ka gani. Shekararsa talatin da huɗu. A unguwar Mansur ta Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya tako da ƙafa daga Kano ta Sudan, ya sauke farali ya ce shi fa ya zo ke nan. Saboda haka Abdulilah ɗan ƙasa ne, katinsa na aljihu, ba ruwansa da gudun masu kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Amma in ka ga yadda yake waiwaye a titi, sai ka rantse jiya ya shigo ta ɓarauniyar hanya.

Ladabi gare shi har ya yi yawa. Tun a makaranta yara ke kiransa "ya takruni", wato baƙin mutum ɗan Afirka, malami ya ji ya yi kamar kunnensa ya toshe, shi kuma ya koyi ya riga kowa yin murmushi. A otal ɗin ya shekara goma sha ɗaya. Samari uku fararen fata ya koya wa aiki da hannunsa, ukun nan duk suka haye kansa, kullum ana ce masa ai shi kanta ta fi dacewa da shi, tunda 'yan Afirka na son sa. Ya ce alhamdulillahi. Wannan ciwon kowa a Mansur ya san shi, har raha ake yi da shi a gaban mai tsire. Ɗaya ciwon ne ba shi da wurin faɗa.

Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya gane zuciyarsa ba ta karkata wajen mata, wajen maza take. Bawan Allah ya yi azumi, ya yi ɗawafi yana hawaye, ya sha zamzam da niyya har cikinsa ya gaji, zuciyar tana nan inda ya bar ta. Sai ya rufe bakinsa, domin a ƙasar nan magana irin wannan kan iya raba mutum da aikinsa da danginsa, ta kuma kai shi bayan kanta irin wadda ba ta otal ba. Mutum ɗaya ya taɓa sani, Majid, wani abokin aikinsa mai yawan dariya. Shekara uku suna son juna, duniya tana ce musu aminai. Ran nan wan Majid ya ɗauki wayarsa ya ga saƙonnin da bai kamata ya gani ba. Washegari Majid bai zo aiki ba, lambarsa ta daina shiga, daga baya aka ce danginsa sun tafi da shi garinsu. Da wani suna daban Majid ya ajiye lambar Abdulilah a wayar, wannan kaɗai ya rufa asiri. Amma wa ya san abin da Majid ya faɗa da aka matsa shi?

Daga nan abin ya fara. Yana tsaye a kanta da rana tsaka, wani Balarabe mai jan ƙyalle a ka ya shigo yana dube-dube, sai ƙirjin Abdulilah ya ɗaure, hannunsa ya yi sanyi, numfashi ya ƙi fita, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya ruga banɗaki ya zauna a ƙasa har ta wuce. Ta dawo bayan kwana biyu, ta sake dawowa. Ya rame, abinci ya daina shiga.

Mahaifiyarsa Hajiya Ramlatu ba ta zauna ba. Su biyu ne a gidan tun da mahaifinsa ya rasu ƙannensa mata suka yi aure, kuma Babana take ce masa, don sunan ubanta ya ci. Ta kai shi ruƙiyya, ta sa aka aiko da rubutu daga Kano, ta banka masa hayaƙi har maƙwabta suka yi tari. A asibiti aka duba zuciya aka ce garau take, damuwa ce, ya nemi masu magani ta hanyar zama a yi magana. Ya tafi har Jidda don kada ya haɗu da idon sani. Likitan can mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma da Abdulilah ya soma ba shi labarin otal, sai ya yi murmushi ya ce ai babu bambancin launi a Musulunci, wannan tunaninsa ne kawai. Ya tambaye shi ko yana da aure, ya ce a'a, likita ya tafa hannu ya ce to ga matsalar nan. Abdulilah ya yi godiya ya fito. Wanda bai yarda da ciwon da ke kan fatarka ba, ina za ka nuna masa na ciki?

Bayan wata biyu ya ji labarin wata Daktora Khalida mai ƙaramin wurin ganin mutane a unguwar Shisha. Da ya shiga ya gan ta, baƙa kamarsa, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, Larabcinta na Makka tsantsa amma Hausa na leƙowa daga ciki, sai gabansa ya faɗi ya kuma ji sanyi, duk a lokaci guda. Ya ba ta labarin otal yana jiran murmushin nan. Ta ce ta sani, ita ma an taɓa tambayarta ina likitan take alhali tana tsaye da farar riga a jikinta. Dariya ta suɓuce masa, rabonsa da ita har ya manta.

Kowace Talata yake zuwa. Ta koya masa yadda zai ja numfashi in abin ya taso, ta nuna masa abin da take rubutawa a takardarsa: firgici da ƙin abinci, iyakarsa ke nan. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan yake kwana. Duk da haka sai da ya yi wata huɗu yana kewaye-kewaye kafin ya ambaci Majid. Ranar da ya faɗa, kansa na ƙasa, yana kallon takalminsa, yana jiran ta ce a'uzubillahi ta miƙe. Ta ajiye biron hannunta.

"Sannu, Abdulilah," ta ce da Hausa. "Ka daɗe kana ɗauke da wannan kai kaɗai."

Ta ce ita ba mai ba da fatawa ba ce, ba kuma 'yar sanda ba ce, shi kuma ba lalataccen abu ba ne da aka kawo mata gyara. Ta ce abin da ya same shi game da Majid rashi ne, wanda ya yi rashi kuwa gaisuwa ake yi masa, shi ko ba wanda ya yi masa. Ƙaton mutum ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro, ta bar shi ya yi abinsa.

Sauƙi ya samu, wallahi ya samu. Kumatu suka dawo, yana wuni a kanta ba ya gudu banɗaki. To a nan ne ya tafka wautar da ta kusa kashe shi. Wata ranar Alhamis da yamma ya cinye tuwo malmala biyu ya nemi ƙari, Hajiya Ramlatu ta tsaya tana kallonsa, ta ce ita dai tana so ta san wane bawan Allah ne ya dawo mata da ɗanta. Cikinsa a cike, ransa fes, sai bakin ya suɓuce. Ya ce wata likita ce a Shisha, Daktora Khalida.

"Khalida 'yar gidan wa?" in ji Hajiya.

Ya manta da abin da kowane Bahaushen Makka ya sani, cewa babu Khalidar da ba 'yar gidan wani ba ce. Waya biyu kacal Hajiya ta buga. Kafin a kira isha'i ta gano Khalida 'yar Hajiya Kabira ce, Kabirar da suka yi shekaru suna dafa wa alhazai abinci tare a Mina suna 'yan mata, har sun taɓa ƙona tukunyar shinkafa guda suka ɗora wa wata laifin. Ta yi ta dariya tana share hawaye. Sannan ta ce gobe Juma'a bayan la'asar zai kai ta godiya, kuma gidan uwar za a je, don wanda ya yi wa ɗanka alheri gaban iyayensa ake zuwa a gode masa.

Ya ce Umma ai ba a yin haka da likitoci. Ta ce su waye ba sa yi? Ya ce ai aikinta ne. Ta ce shi ma mai wankan gawa aikinsa ne, ana gode masa. Ya ce yana da aiki gobe, ta ce ƙarya yake, ta san jadawalinsa. In Hajiya Ramlatu ta kafe, sai dai ka nemi makullin mota.

Ba godiyar yake tsoro ba, uwarsa ya sani. Matar nan gwana ce wajen bugun ciki. Za ta zauna da kai ta yi ta sa maka albarka, ta tambayi yara, ta yabi labulenka, kafin shayi ya huce ka faɗa mata abin da ko matarka ba ta sani ba. Ga shi kuma Khalidar da za a tarar gobe ba Daktora ba ce a bayan tebur, 'ya ce a gaban uwarta, tsakanin tsofaffi biyu. Ya kira wurin aikinta, na'ura ta amsa cewa an rufe sai Lahadi. Lambarta ta hannu kuwa ba ta ba kowa. Ya wayi gari da ƙamshin dambun naman da Hajiya ke soyawa, ƙamshin da ya fi so a duniya, amma ko ɗanɗanawa bai yi ba. A masallacin Juma'a bai ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Abin da yake gani kawai fuskar uwarsa ce a lokacin da za ta ji, da kawunnansa sun cika falo, da ƙannensa da mazajensu za su hana su zuwa gidan.

Suka isa Shisha da robar dambu da kwalbar turaren wuta. Hajiya Kabira ta tare su a ƙofa, tsofaffin suka rungume juna ana ta salati da tsiya, wannan ta ce wa waccan ta tsufa. Abdulilah ya durƙusa ya gaishe ta, aka kai shi majalisar maza aka ajiye masa gahawa da dabino, shi kaɗai, don maigidan ya rasu. Ƙofar da ke tsakaninsa da falon mata ba ta rufu duka ba. Ya ji an kira Khalida, ya ji takunta, ya ji ta gaida Hajiya cikin ladabi. Da aka ce mata ga uwar Abdulilah, sai da ta ɗan yi jim kafin ta ce sannu da zuwa.

Hajiya ta fara. Ta yi addu'a har ta kai kan jikokin da ba a haifa ba. Ta ba da labarin yadda ɗanta ya rame, yadda ta daina barci, muryarta na rawa, kuma wannan rawar ba ta dabara ba ce. Khalida tana ta amin. Can sai Hajiya ta sassauta murya.

"To 'yata, ni na haife shi. Me ke damun ɗana?"

Abdulilah ya dire kofin gahawar a ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji Khalida. "Aikina ba ya barina in ce wane ya zo wurina ko bai zo ba, balle abin da ya kawo shi. Ko Ummata ce ta tambaya."

Ai kuwa sai Ummar tata ta taso mata. Ta ce ke Khalida, wannan wane irin rashin kunya ne, uwarsa ce fa, mace ta tako har gidanki da alherinta ki yi mata maganar ofis? Ta ce boko ya ɓata yaran yanzu, ta ce ita ta ba ta izini, ta faɗa. Khalida ta ce Umma ki yi haƙuri. Hajiya Ramlatu ta ce a bar yarinya, ita ba dogon bayani take nema ba, a ce mata e ko a'a kawai. Aljanu ne? Khalida ta ce ba za ta iya cewa komai ba. To ƙwaya yake sha? Nan Abdulilah ya ji kamar ya yi ihu ya ce ta ce a'a mana, me zai ragu? Amma ya gane. In ta ce a'a sau ɗaya, ta ce sau biyu, duk inda ta yi shiru a gaba ta ba da amsa ke nan. Khalida ta maimaita maganarta, kalma ba ta canja ba. To wata mace ce ta yaudare shi? Amsar dai ita ce.

Ƙirjinsa ya ɗaure irin ɗaurin nan na da, gumi ya jiƙa masa doguwar rigarsa, ya dafe bango yana jan numfashi yadda aka koya masa, yana ƙirgawa yana ɓata lissafi. Ya san uwarsa ba ta tsayawa a uku. Ya zauna yana jiran tambaya ta gaba.

Ba ta zo ba. Hajiya ta ce to madalla, Allah ya yi albarka, ta koma hirar Mina da tukunyar shinkafa. Hajiya Kabira ce ta yi ta ba da haƙuri har bakin ƙofa, tana cewa za ta yi wa yarinyar nan faɗa. Khalida ba ta leƙo majalisar ba.

A mota Hajiya ta zauna a gaba ta ɗora jakarta a cinya. Suka bar Shisha, suka shiga ramin dutsen nan mai fitilu da titi ya ratsa, motoci na wuce su. Yana satar kallonta, fuskarta na gaba. Ya ce a ransa yanzu ta tafi da zargin ƙwaya, gobe za ta kira kawunsa, kawunsa zai ce a kawo waya a duba. Sai da suka fito haske sannan ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Babana, kai ka zaci godiya ce kaɗai ta kai ni?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Na je in ga ko tana da baki ne. Na matsa ta a gaban uwarta, ba ta ba ni ko ɗaya ba. Da ta ba ni, da ba ka sake taka wurinta ba."

Motar ta ɗan karkace, na baya ya danna masa hon. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce tambaya uku ta yi, kuma duk ukun ta san amsarsu tun kafin ta bar gida. Ta ce akwai ta huɗu, tana bakinta shekara da shekaru, tun kafin yaron nan mai dariya ya daina zuwa cin tuwo gidansu.

"Umma," ya ce.

"Yi shiru. Ban tambaye ka ba, kada ka amsa mini." Sai a lokacin ya ji muryarta ta karye, ya gane ita ma tsoron take ji, wataƙila ma ya fi nasa. "In na ji da kunnena, dole in yi wani abu a kai, ni kuwa ban san me zan yi ba. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron abin da mutane za su yi maka. Ka bar ni a haka."

Suka shigo Mansur ana shirin magariba, masu tsire na hura wuta, mutane cike da titi, wasu na ɗaga musu hannu. Hajiya tana amsa gaisuwa ta taga kamar ba abin da ya faru. Ya tsaya a ƙofar gida ya kashe mota, ya kasa sakin sitiyarin. Bai san ko yafe masa aka yi ba, ko kuwa jinkiri kawai aka ba shi. Ta buɗe ƙofa ta sauke ƙafa ɗaya da ƙyar, sannan ta tsaya.

"Ranar Talata ka je," ta ce. "Abin da ba zan iya ji ba, ka kai mata."